Makarar da Baba Ya Ɗaure da Fata

Baba, mahaifin maigidana, ya cika wata Talata da hantsi, a ɗakinsa na bakin ƙofa, cikin gidan hayar da muke zaune a unguwar Biyafara ta Treichville, a birnin Abidjan. Shekarar rikicin zaɓe ce, harbe-harbe ba su daɗe da lafawa ba. Ruwa ya kwana yana zuba, tsakar gida duk taɓo, amma kafin a gama yi masa wanka babu wurin sa ƙafa.

Kowa da abin da ya zo da shi a baki. Matan Jula da muke gida ɗaya da su sun riƙe hannun Inna, matarsa, suna ta cewa, “Yako, yako,” irin gaisuwar rashi ta mutanen ƙasar nan. Wasu 'yan dako daga tashar Adjamé sun tako da ƙafa har suka haye gada, suka durƙusa a zaure da jiƙaƙƙun riguna. Wani tsoho mai goro ya ɗaga murya ya ce, “Allahu akbar! Mutumin nan bai taɓa cutar kowa ba.”

Goggo, ƙanwar mamacin, tana share hawaye da bakin mayafi, ta ce, “Bai cuci kowa ba, bai kuma yarda da kowa ba. In za ku faɗa, ku faɗi duka biyun.”

Ni ina bakin murhu, bangon kwano kaɗai ne tsakanina da mazan da ke tsaye a waje. Nan na ji ɗaya maganar, wadda ake yi ƙasa-ƙasa. Kowa ya san Baba ya bar wasiyya gaban Liman da 'ya'yansa maza biyu, wato maigidana da ƙanensa Auta. Ya ce a ɗauke shi a tsohuwar makarar katako da ya yi wa masallacin unguwa da hannunsa, kada a sa shi a sabuwa ta ƙarfe. Ya faɗi dalilinsa ma. Ya ce kusan duk waɗanda suka baro gida tare da shi, a kanta suka tafi. Dalilin bai ishi mutane ba. Na ji wani yana cewa, “Me ya sa sai ita?” Wani ya amsa, “Ka taɓa duba ƙulle-ƙullen fatar da ke jikinta? Ni dai ban ce komai ba.”

A shekarar nan duk abin da aka naɗe da fata abin tsoro ne. An ga samari da bindigogi da layu jere a damtse, an kuma ji labarin waɗanda aka tsayar a shingen hanya saboda laya guda a wuya. Mutum ya kai ga zargin igiyar takalmin maƙwabcinsa. Don haka tun gawar tana ɗaki, abin da ake jira a gani shi ne ko za a cika wa Baba wasiyyarsa, ko kuwa za a binne shi da sunan mai tsafi.

Ni surukarsa ce, ban taɓa kiran sunansa ba, ba kuma zan fara a takarda ba. Ina rubutawa ne don 'ya'yana. A waje labarin makara kaɗai za su ji, ni kuwa ina so su san mutumin da ya yi ta.

Kafinta ne. Daga ƙasar Katsina ya zo yana saurayi, a bayan motar goro, ya ƙare rayuwarsa yana kafa rumfuna a kasuwar Adjamé. Rumfar mai atamfa, teburin mai shayi, ragar katakon da ake ɗaure kaya a kai kafin a loda wa motocin Yamai da Maraɗi, duk aikinsa ne. Abin da yake kira ƙashin rumfa, wato dirkoki da sandunan da ke riƙe da ita, shi ne sana'arsa. Kwano da fenti bai ɗauke su aiki ba.

Ya ƙi jinin fenti. In aka kawo masa katako mai sheƙi, sai ya kankare shi da farce, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa ya kai kunne. Ya ce mai sayarwa ba ya shafa wa lafiyayyen itace launi, sai wanda gara ta fara ci. Haka yake da mai nama, haka yake da likita, haka yake da rediyo. In aka gama labarai yakan ce, “To, wannan shi ne abin da suka ga damar faɗa.” Ko shayi aka miƙo masa sai ya ɗaga kofin ya leƙa gindinsa.

Yana da ƙa'ida guda da ta sa ya rasa ciniki ba sau ɗaya ba. Ba ya rufe rumfa ranar da ya kafa ta. Sai ya bar ta tsirara, sanduna kawai a tsaye, ta kwana ta yini, mai ita ya zo ya gani, maƙwabta su gani, duk mai shakka ya kama ya jijjiga. Wani mai kayan roba ya taɓa yi masa tsawa a gaban maigidana, ya ce, “Malam, kasuwa ba ta jira! Ka buga kwanon nan yau in baje kaya.”

Baba ya ce, “Gobe in ka shiga ciki, kwano za ka gani. Abin da zai faɗo maka a ka ba za ka ƙara ganinsa ba. Duba shi yau.”

“Na yarda da kai.”

“Ni ban ce ka yarda da ni ba. Cewa na yi ka duba.”

Mutumin ya kira wani kafinta ya rufe masa. Baba ya tattara zartonsa da gudumarsa ya dawo gida, ya ci tuwonsa hankali kwance.

Da wannan ƙa'idar ya nema wa ɗansa aurena. An kawo ni daga Maraɗi ina taya matar Kawuna aiki a Adjamé, nan maigidana ya gan ni. Ranar da manya suka je tambaya, kowa ya san abin da ake yi: a yabi yaro, a yabi gidansu, a ci goro. Baba ya gyara zama ya ce wa Kawu, “Yaron nan yana da zuciya, in ya yi fushi ba ya jin kira. Ya taɓa barin kayan ubangidansa ruwa ya ɓata a bakin jirgi saboda kallon ƙwallo. Ɗakin da zai sa ta yana yoyo ta gabas, ban gyara ba tukuna. Yana salla, ba ya shan komai. Ga shi nan yadda yake.”

Kawu ya dawo gida ransa a ɓace. Na ji yana ce wa matarsa, “Anya mutumin nan yana son auren nan? Ko wata 'yar yake so wa ɗansa, yake korar mu da dabara?” Ya daɗe yana aika mutane bincike a Treichville. Duk abin da suka samo, Baba ya riga ya faɗa. Ba su samo ƙari ba.

Gadon aurena ma shi ya yi, ya kuma bar shi a tsakar gida ba katifa ba zane, kowa na wucewa yana taɓawa. Goggo ta ce, “Yaya, ka ji tsoron Allah! Gadon amarya ne fa, ba rumfar albasa ba.” Ya ce ai shi ya fi bukatar a duba. An yi ta dariya, ni kuwa da labarin ya iso mini na rasa inda zan sa kaina.

Tsakanina da shi akwai kunya irin ta suruki da suruka. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In yana da magana da ni, bango yake gaya wa, ko Inna, ko akuyar maƙwabta, ni ina tsaye a wurin. Da cikina na fari ya tsufa, damina ta cika tsakar gida da ruwa, ina girki a duƙe ƙafafuna cikin taɓo. Wata safiya na fito na tarar an ɗaga mini murhu a kan wani dandamalin katako, da maratayin tukwane daidai tsayina, da sanda a gefe ta dafawa in zan miƙe. Yana zaune yana wasa bakin zarto, bai ɗago ba. Ya ce wa bangon, “A gaya wa 'yar mutanen Maraɗi ta taka ta ji. In yana motsi ta faɗa, kada ta ce kunya.”

Na taka. Na ce wa bangon, “A gaya wa Baba ba ya motsi. Allah ya saka da alheri.”

Ya ce, “Ta taka ɗaya gefen ma.”

Makarar kuwa ya yi ta kafin a kawo ni gidan. Inna ce ta ba ni labari. Wadda masallaci ke da ita a da, da ƙusa aka haɗa ta, iskar teku kuma ba ta barin ƙarfe a Treichville. Ranar jana'izar wani amininsa, wanda suka hau motar goro tare, tsatsa ta cinye ƙusar kusurwa, sanda ta zame, gawar ta karkace a kafaɗun mutane har likkafani ya taɓa ƙasa. Baba bai ci abinci ba ranar. Bayan babbar salla ya karɓi ɗanyar fatar sa wurin mahauta, ya yanka ta tsiri-tsiri, ya jiƙa a bahon wankin Inna. Ya sassaƙa katakon yadda kowanne zai ciji ɗan'uwansa, babu ƙusa ko ɗaya, sannan ya naɗe kowace gaɓa da jiƙaƙƙiyar fatar. Da ta bushe ta ƙanƙame kamar dutse. Kowace shekara yakan shafe ɗaurin da man kaɗanya, har suka yi baƙi suna ƙyalli, dunƙule-dunƙule kamar hannun jariri.

A nan Baba ya yi kuskure, kuma ba zan ɓoye ba don ya mutu. Shi kaɗai ya yi ɗaurin, a bayan masallaci, don bai yarda da hannun kowa a wannan aikin ba. Bai koya wa kowa ba, ko 'ya'yansa. Mutumin da ke barin rumfa tsirara don a gani, abu ɗaya da ya naɗe a rayuwarsa babu wanda ya ga naɗinsa.

Shekaru suka wuce ba wanda ya damu. Sai wani Alhaji mai shigo da kaya ta jirgin ruwa ya ba masallaci makarar ƙarfe, koriya shar, da rubutu a gefe. Ranar da aka kawo ta ana ta sa albarka, Baba ya zaro ƙusa daga aljihu ya kankare fentin wajen waldar, a gaban Alhajin. Bai ce tana da aibi ba. Bai ce ba ta da shi ba. Ya dai duba ya mayar da ƙusarsa aljihu. Alhajin bai sake amsa masa sallama da sakin fuska ba, kuma daga wannan watan na fara jin ana kiran ɗaurin fatar nan da wani suna.

Auta a Abidjan aka haife shi, Faransanci ya fi zama a bakinsa. Ni da shi wasa muke, irin na mace da ƙanen miji. Yakan leƙo kicin ya ce, “Matata, yau ma acheken rogon nan za mu ci? Zan sake ki in auro 'yar Kano.” In ce, “Sake ni mana, in ga wadda za ta ɗauki mai wando ɗaya.” Yaro ne mai tsoron Allah. Da ya fara zama wurin karatu da wasu samari, ya bar wasa da yawa, ya shiga damuwa da lahirar kowa, musamman ta ubansa. Wata rana bayan la'asar, ina tsince shinkafa, ya durƙusa gaban Baba ya ce, “Baba, don Allah in tambaye ka. Mutane suna magana. Me ke cikin fatar makarar nan?”

Baba ya dube shi ya daɗe. Ya ce, “Kai ma?”

“Ba ni na ce ba. So nake in sami abin da zan gaya musu.”

“Je ka tambayi san da aka feɗe.”

“Baba…”

“Na ce je ka tambayi san. Tashi ka ba ni wuri.”

Kalma uku ta isa ta kashe maganar: ba komai ciki. Ya ƙi faɗinta. Duk duniya ya yarda ta jijjiga aikinsa, amma ɗan cikinsa ya tambaye shi, abin ya yi masa ciwon da bai warke ba. Daga ranar gaisuwa kaɗai ke haɗa su. Da rikici ya lafa, Baba ya matsa sai an kai shi Adjamé. Ya tarar da layin da ya yi shekaru yana kafawa ya zama gawayi. Maigidana ya ce ya bi dirkokin da suka rage yana dafa su ɗaya bayan ɗaya. Da ya dawo ya kwanta, bai ƙara tashi da ƙarfinsa ba.

Ranar Talatar, bayan azahar, aka ɗauko makarar katako daga bayan masallaci aka ajiye a ƙofar gida. Mata ba ma fita, amma akwai tsaga a jikin kwanon kicin, ta nan na gani. Maigidana ya ce a fito da gawa. Auta ya sha gaban makarar, idanunsa jajir.

Ya ce, “Yaya, pardon, ka yi haƙuri. Ba zan sa kafaɗata ƙarƙashin abin da ban san cikinsa ba. Ba zan kuma bari a kai shi gaban Allah a kai ba. Ni ma ubana ne.”

Liman ya ce, “Yaro, wasiyya ce, kuma zato zunubi ne. Matsa.”

Daga baya wani ya ce, “To a sa shi a ta ƙarfe mana, kowa ya huta.”

Maigidana ya juya ya ce, “In muka sa shi a ta ƙarfe yanzu, har jikokinmu za a ce mun san abin da ke ciki, shi ya sa muka gudu.”

Inna tana ɗaki ta ji. Ta aiko Goggo, Goggo kuwa ba ta tsaya a zaure ba, ta leƙa kai waje ta ce, “Matarsa ta ce a bahonta aka jiƙa fatar! Ku ji kunya, gawa na kwance kuna ciniki!”

Aka ce, “Jiƙawa ta gani, Hajiya. Ɗaurin fa, wa ya gani?”

Babu wanda ya gani.

Na san fuskar maigidana in zuciyar nan da ubansa ya faɗa wa Kawu ta taso. Ya miƙa hannu wurin mai tsiren bakin layi, wanda ya zo jana'iza da wuƙarsa a ƙugu. Liman ya riƙe masa hannu ya ce, “Ka sani, in ka yanke, babu mai mayarwa.”

Ya ce, “Na sani, Malam. Ko in cika masa magana in bar sunansa a bakin mutane, ko in wanke sunan. Ba zan sami biyun ba.”

Fatar ta yi tauri, wuƙar tana zamewa. Sai da ya durƙusa cikin taɓo ya danna da ƙarfinsa duka kafin ɗaurin farko ya buɗe. A ciki katako biyu ne rungume da juna, fari tas kamar jiya aka sassaƙa. Ba takarda, ba gashi, ba ƙasa. Ƙanshin man kaɗanya ya iso har inda nake. Auta ya sa yatsa ya shafa ciki, ya juya fatar ya duba bayanta, ya tsaya riƙe da ita.

Da a nan aka tsaya, da an ɗaure kusurwar da igiya an lallaɓa. Sai wata murya ta ce, a hankali, kamar mai magana da kansa, “Ɗaya ke nan.”

Na san muryar. Na kuma ga mai ita tsaye da Auta a bakin famfo da safiyar ranar, yana yi masa magana a kunne. Ban ji abin da ya ce ba, don haka ba zan rubuta ko wane ne ba. Amma yakan zo gaishe da Inna har yau, kuma ni ba na kai masa ruwa.

Maigidana bai ɗago ya nemi mai maganar ba. Ya matsa ga na biyu. Ya bi su duka, kusurwa da ƙafa, yana yanka yana jefa fatar gaban mutane, hannunsa na jini bai kula ba. Auta yana cewa, “Yaya, ya isa, ça suffit, na gani,” bai saurare shi ba. Da na ƙarshe ya buɗe, makarar ta karkata, ta zube a ƙasa sanda-sanda, ba ƙara.

La'asar ta kusa, gawa ba ta jira. Liman da kansa ya ce a je a ɗauko ta ƙarfe. A kanta aka fito da Baba. Auta ne ya kama kusurwar gaba, yana kuka da murya har dattawa suna tsawata masa. Na bi su da ido ta tsagar kwanon, koren fentin na ƙyalli, har suka sha kwanar masallaci.

A zaman makoki yabo ya yi yawa. Waɗanda na ji muryarsu ta bango da safe su ne suka fi kowa cewa ai tun da can sun san mutumin Allah ne. Goggo ta saurare su ta ce, “Sai da kuka sa aka karya masa abin hawa kuka sani.”

Bayan sadakar arba'in, maigidana da Auta suka je mayanka tare suka sayo ɗanyar fata. Inna ta ba da bahonta. Sun yi Lahadi da yawa a tsakar gida suna naɗawa suna kwancewa, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya ja, ba sa magana sai ta aikin. Ɗaya ɗan kasuwa ne, ɗaya mai gyaran waya, babu kafinta a cikinsu. Fatar takan bushe ta saki, ko ta tsage. Da suka kai wa Liman abin da suka iya, ya ɗora hannu a kai ya ce kada a ɗauki Musulmi a kanta. Sandunan suna jingine a bangon ɗakin Inna. Ta hana a ƙona, ta hana a kyautar.

Ya Allah, bawanka ne, tsoho mai wuyar sha'ani, wanda ya ɗaga mini murhu daga cikin ruwa bai jira godiya ba. Mu mun tone abin da ya naɗe a gaban jama'a, ba mu kai shi yadda ya roƙa ba. Ka yafe mana. Shi kuma abin da ya rage nasa wanda Kai kaɗai Ka sani, Ka rufa masa asiri, Ka yalwata masa makwanci.